Mudu Ɗaya Ga Kowane Yaro: Darasi Daga Makarantun Tamale

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya ba mu 'ya'ya, Ya kuma ɗora mana amanarsu. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa masu karatu, akwai wata tambaya da ta shafi kowane gida mai ɗa a makaranta, a Tamale yake, ko a Maraɗi, ko a Lome. Yaron nan da muke sallama kullum da safe, mun ɗinka masa kayan makaranta, mun saya masa littafi da alƙalami, mun haƙura da taimakon da zai yi mana a gona ko a kasuwa, shin me ya iya? Wa zai auna mana karatunsa, da wane mudu za a auna, kuma idan aka tarar bai iya ba, wa za a tambaya?

Duk wanda ya taɓa sayen hatsi ya san darajar mudu. Idan mudun wannan rumfa ya fi na waccan zurfi, ko an bubbuge gindinsa ya shige ciki, to ciniki ya ɓaci, kuma talaka ne zai koma gida da asara. Addininmu bai ɗauki wannan al'amari da wasa ba. Akwai sura a cikin Alƙur'ani mai girma, Suratul Muɗaffifin, wadda aka buɗe ta da gargaɗi mai tsanani ga masu tauye awo, kuma tauye awo yana cikin laifuffukan da aka halaka mutanen Annabi Shu'aibu (AS) a kansu. Idan haka lamarin yake game da awon gero da masara, to ina ga awon ilimin ɗan'adam? A wannan fitowa mun duba yadda ake ƙoƙarin samar da mudu ɗaya ga yaran gundumomi daban-daban a arewacin Gana, da abin da ya rage a wuyanmu mu iyaye.

Nyanshegu, inda allo ya haɗu da boko

Nyanshegu unguwa ce a birnin Tamale, kuma sunanta ya yi nisa saboda makarantar Anbariyya da ke cikinta. Wanda ya kafa Anbariyya shi ne Shehu Yusuf Salihu Ajura, wanda aka fi sani da Afa Ajura, domin a ƙasar Dagomba kalmar Afa ita ce malam. Ya fara karantarwa a unguwar Sakasaka tun shekarun 1940, ya rasu a watan Disamba na 2004, Allah Ya jiƙansa. Daga wannan makaranta ɗalibai da dama suka wuce Jami'ar Musulunci ta Madina, suka dawo suka buɗe nasu makarantun a garuruwa da ƙauyuka.

A zamanin Turawan mulkin mallaka an bar arewacin Gana a baya ƙwarai wajen karatun boko. Sai a 1951 aka buɗe sakandaren gwamnati ta farko a duk arewa, a nan Tamale. Iyaye Musulmi kuwa suna ɗari-ɗari da boko, saboda yawancin makarantun ƙasar suna hannun mishan. Saboda haka yara suka cika makarantun allo da na Islamiyya. Har yau kalmar nan tamu ta Hausa, makaranta, ita ce sunan da duk Gana ta san irin waɗannan wuraren karatu da shi, gadon fatake da malamai da suka bi hanyar goro zuwa Salaga.

A farkon shekarun 1970, zamanin mulkin Kanar Acheampong, hukumomin ilimi na arewa suka zo wa masu makarantun Islamiyya na Tamale da tayi: gwamnati za ta turo malaman Turanci da lissafi da kimiyya, ta biya su albashi, makaranta kuwa ta ci gaba da zama a hannun masu ita, da karatunta na addini. Anbariyya da Nuriyya ta Shehu Ibrahim Basha suna cikin waɗanda suka fara amincewa. Daga nan aka sami makarantun Turanci da Larabci. A 1987 aka kafa Sashen Ilimin Musulunci a ƙarƙashin Hukumar Ilimi ta Gana, aka sa hedikwatarsa a Tamale, kuma makarantun da ke ƙarƙashinsa sun haura dubu a faɗin ƙasar. 'Yan'uwanmu na Nijar za su tuna da madarasar Say, wadda aka buɗe a 1957, uwar makarantun Faransanci da Larabci na can.

Wannan shi ne haɗin gwiwa na farko, kuma ya ci nasara wajen shigar da yaranmu aji. Abin da ya biyo baya ya fi wuya, wato tabbatar da cewa zaman ajin yana haifar da ilimi.

Shekara 11 kafin a ɗora yaro a kan sikeli

A tsarin Gana yaro yakan yi shekara 2 a azuzuwan share fage, shekara 6 a firamare, shekara 3 a ƙaramar sakandare. A ƙarshen waɗannan shekaru 11 ne yake zama jarrabawar BECE, wadda hukumar WAEC take shiryawa tun 1990, kuma da sakamakonta kwamfuta take raba yara zuwa manyan sakandare tun 2005. Shekara da shekaru, wannan ita ce jarrabawar farko da wani na waje yake auna kowane yaro da ita. Kafin nan, malamin aji shi ne mai koyarwa, shi ne mai tsara tambayoyi, shi ne mai ba da maki. Uba yana iya ganin takardar ƙarshen zango an rubuta ɗansa ya zo na uku, ya yi murna ya yanka kaza, alhali na ɗayan ma bai iya karanta shafi guda ba. Na uku a cikin su wa, kuma a kan wane mizani? Takardar ba ta faɗa.

Ranar da aka auna da gaske, abin da aka gani ya tayar da hankali. A 2013, aka kuma maimaita a 2015, Hukumar Ilimi ta Gana tare da taimakon Amurka ta gwada karatun yaran da suke gama aji 2 na firamare, ana zaunar da yaro shi kaɗai a ba shi rubutu ya karanta da baki. Kimanin 2 cikin 100 ne kawai suke karantawa tiryan-tiryan tare da fahimtar abin da suka karanta. Kusan rabin yaran ba su iya karanta ko kalma ɗaya ba. Waɗannan yara haka aka riƙa ciyar da su gaba daga aji zuwa aji, har ranar BECE. Hausawa suka ce ba a fafe gora ranar tafiya. Yaron da aka gano rauninsa yana ɗan shekara 15 an riga an cuce shi, domin da an gano yana ɗan shekara 8 da watanni kaɗan sun isa a gyara.

Sabon mizani

A watan Satumba na 2019 Gana ta fara aiki da sabuwar manhaja daga share fage zuwa aji 6, wadda majalisar tsara manhaja da awon karatu ta ƙasa, NaCCA, ta rubuta. Tsohuwar manhaja tana lissafa darussan da malam zai bi ya gama. Sabuwar tana fayyace abin da ake son yaro ya iya a ƙarshen kowane aji, da alamar da za a gane ya iya ɗin. An fifita karatu da rubutu da lissafi da ƙirƙira, an kuma dawo da tarihin Gana a matsayin darasi. Ma'anar wannan ga iyaye mai sauƙi ce: akwai rubutaccen alkawari na abin da ɗan aji 3 ya kamata ya iya, kuma alkawarin ɗaya ne ga yaron Nyanshegu da na Kumasi da na Akara.

Daga nan sai awo. Tun 2005 akwai gwajin ƙasa da ake yi wa wasu zaɓaɓɓun makarantu domin a san halin da ƙasa take ciki, amma ba ya gaya wa kowace makaranta nata matsayin. A watan Disamba na 2021 aka gudanar da jarrabawar bai-ɗaya ta farko ga 'yan aji 4 na makarantun gwamnati, a Turanci da lissafi, da nufin a riƙa gano rauni tun icce yana ɗanye. A 2020 kuma doka ta kafa hukumar duba makarantu ta ƙasa, NaSIA, bayan an soma jarrabawar lasisin koyarwa ga sababbin malamai a 2018.

Sai dai dole a faɗi gaskiya: an kai kusan shekara 3 ana koyar da sabuwar manhaja kafin littattafanta su fara isa makarantun gwamnati. Mizani a takarda abu ɗaya ne, isarsa cikin aji wani abu ne daban. A tsakanin Akara da aji kuwa akwai ofishin ilimi na gunduma, kuma a nan ne aikin yake gyaruwa ko ya ɓaci.

Inda gundumomi suka haɗa hannu

Abubuwa biyu da aka jarraba a gundumomi masu yawa lokaci guda sun cancanci kowane uba da kowace uwa su san su.

Na farko ya tsiro ne a Tamale. A 1995 aka kafa ƙungiyar School for Life, da haɗin gwiwar wata ƙungiyar raya karkara ta Dagomba da abokanta na ƙasar Danmak. Tana tara yara 25 'yan shekara 8 zuwa 14 waɗanda ba su taɓa shiga makaranta ba, a koya musu karatu da rubutu da lissafi da harshen uwa, da rana bayan an dawo daga gona da kiwo, tsawon wata 9. Mai koyarwa ɗan gari ne, jama'ar gari suka zaɓe shi, su ne kuma suke sa masa ido. Bayan wata 9 akan gwada yaran a sa su a firamare, da yawa a aji 3 ko 4. Abin ya fara a gundumomi kaɗan, maƙwabta suka gani suka nema, har gwamnati ta ɗauki tsarin daga 2013 da taimakon Ingila da Amurka, yara fiye da 200,000 suka amfana, kuma a 2020 aka yi dokar kafa hukumar da za ta riƙe aikin. Darasin a fili yake: manufa ƙarama bayyananniya, harshen da yaro yake ji, da idon jama'ar gari.

Na biyu ya samo asali ne daga ƙungiyar Pratham ta ƙasar Indiya, wato koyar da yaro daga inda ya tsaya. Tsakanin 2010 da 2013 aka gwada shi a makarantu 500 cikin gundumomi 42 na Gana, sannan a shekarar karatu ta 2018 zuwa 2019 aka sake gwadawa a gundumomi 20 tare da UNICEF. Yadda ake yi shi ne, a farkon zango a yi wa kowane yaro ɗan gajeren gwaji: wannan haruffa kawai ya sani, wannan yana haɗa kalma, wannan yana karanta labari. Sai a ware sa'a guda a rana, a raba yara bisa matakinsu, a manta da lambar aji. Sakamakon yara ya ƙaru. An kuma lura a gwajin farko cewa malamai da yawa suna karɓar horo amma ba sa raba yaran idan sun koma aji. Saboda haka a gwaji na biyu aka horar da shugabannin makarantu da masu duba makarantu na gunduma tare da malaman, domin su riƙa shiga aji suna ganin ko ana yi.

Wanda ya yi karatun allo zai yi murmushi a nan. A tsangaya kowane yaro da allonsa, kowa da inda ya tsaya: wannan yana babbaƙu, wannan yana farfaru, wancan ya kama hadda. Ba a wanke allo sai yaro ya zo gaban malam ya biya, malam ya ji da kunnensa ya gamsu. Ba a ciyar da kowa gaba don shekarunsa sun kai, ko don abokansa sun wuce. Ranar sauka kuma a gaban jama'a ake karatu, inda kowane mahaddaci zai iya kama kuskure. Mizani bayyananne, awo na kullum, da hisabi a bainar jama'a, duk mun gaje su daga kakanni. Abin mamaki shi ne yadda mukan ajiye su a ƙofar makarantar boko, mu shiga hannu rabbana.

Birni ɗaya, ofisoshi da yawa

Akwai dalili na musamman da ya sa Tamale take bukatar haɗin gwiwa. A 2012 aka yanke gundumar Sagnarigu daga cikin Tamale, aka raba Tolon da Kumbungu, a 2018 kuma aka raba Savelugu da Nanton. Kowace gunduma da daraktan iliminta, da masu duba makarantunta, da jarrabawar gwajin da take yi wa 'yan ajin ƙarshe. Yara kuwa ba ruwansu da iyakar gunduma. Yaro yana kwana a wannan, yana karatu a waccan. Iyali su tashi daga ƙauye su dawo birni. Malami a ɗauke shi daga nan a kai shi can.

A ganinmu, abin da zai fi amfani shi ne maƙwabtan gundumomin nan su yarda da gajeren gwaji iri ɗaya na karatu da lissafi ga 'yan aji 2 zuwa 4, malaman wannan gunduma su duba takardun waccan, sannan a zauna tare a kan sakamakon. Idan aka ga wata makarantar ƙauye a Kumbungu ta fi takwarorinta, a je a ga abin da take yi. Sabuwar manhaja ta riga ta tanadi zaman malamai na mako-mako domin su koyi da juna, kuma kwalejin horon malamai ta Bagabaga, wadda take Tamale tun 1944, da Jami'ar Nazarin Raya Ƙasa da aka kafa a 1992, suna da masanan da za su iya taimakawa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Wasu ƙasashe sun bi irin wannan hanya. A jihar Teksas ta Amurka an yi doka a 2011, aka zaɓi gundumomin makarantu 23 a 2012, domin su haɗu su ba gwamna da majalisa shawara kan sababbin mizanan koyo da hanyoyin awo da hisabi. A ƙasashe masu amfani da Faransanci, shirin PASEC ya auna yaran ƙasashe 10 da mudu ɗaya a 2014, da na ƙasashe 14 a 2019, Nijar tana ciki duka biyun. A Nijar ɗin kuma kwamitocin makarantu, waɗanda aka sani da COGES, suna haɗuwa cikin tarayya ta kowace ƙaramar hukuma domin su tattauna matsalolinsu tare.

Wa zai ba da ba'asi?

Awo ba shi da amfani idan sakamakonsa ya kwanta a cikin kabad ɗin ofis. Tun ƙarshen shekarun 1990 tsarin Gana ya tanadi taron bitar ƙoƙarin makaranta, wanda malamai suke kira SPAM a taƙaice. A taron ana son a tara malamai da iyaye da kwamitin gudanar da makaranta da sarakuna da limamai, a karanta sakamakon yara a fili, a tambayi dalili, a tsayar da abin da kowane ɓangare zai yi kafin zama na gaba. Daga nan ake rubuta shirin gyaran makaranta, wanda a kansa ake kashe kuɗin tallafin kowane ɗalibi da gwamnati ta fara bayarwa a 2005. A 2019 kuma Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 150 domin shirin GALOP, wanda aka nufi makarantu 10,000 mafiya rauni da shi, kuma kalmar hisabi tana cikin sunan shirin kansa.

Ƙofar a buɗe take ke nan. Abin tambaya shi ne, mu nawa muke shiga? Sau da yawa uba yakan ce shi bai yi boko ba, me zai faɗa a gaban malamai. Uwa kuma, wadda ta fi kowa sanin ranar da yaro ya je makaranta da ranar da bai je ba, ba a ma gayyace ta ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Haka kuma hisabi ba ya tsayawa a kan malamin aji shi kaɗai. Malamin da aka ba yara 80 a ɗaki ɗaya, babu benci, babu littafi, zalunci ne a gwada shi da wanda yake da yara 30 da kayan aiki. Idan makaranta za ta amsa tambaya a kan karatun yara, gunduma ma ta amsa a kan rabon malamai tsakanin birni da ƙauye, ma'aikata ta amsa a kan littattafai da kuɗin tallafin da yake makara, iyaye su amsa a kan fashin yara ranar kasuwa da lokacin girbi, da 'yan matan da suke barin aji su tafi dako a kasuwannin Kumasi da Akara. Kowa makiyayi ne a kan abin da aka ba shi kiwo, kamar yadda addini ya karantar da mu.

Mudu ma yana iya zama fitina

Wajibi ne mu yi hattara da abubuwa uku. Na farko, idan aka ɗaure albashi da mutuncin malami a kan maki kaɗai, za a nemi makin ta kowace hanya. Amurka ta ɗanɗana wannan bayan dokar ilimi ta 2002 da ta tsananta hukunci bisa sakamakon jarrabawa: a birnin Atlanta an kama ma'aikatan ilimi suna gyara amsoshin yara, kotu ta sami 11 daga cikinsu da laifi a 2015. Uban da ya ba da kuɗi a sayo wa ɗansa amsa, da makarantar da ta hana raunanan yara zama jarrabawa don sunanta ya fito, duk masu tauye mudu ne.

Na biyu shi ne harshe. Ɗan zango a Tamale yana jin Hausa a gida, Dagbanci a waje, Turanci a aji, Larabci a Islamiyya. Gana ta daɗe da amincewa da wasu harsunan ƙasa domin koyarwa, Dagbanci da Gonjanci suna ciki, Hausa ba ta ciki. A watan Oktoba na 2025 ministan ilimi Haruna Iddrisu, ɗan majalisa mai wakiltar Tamale ta Kudu, ya ba da umarnin koyar da ƙananan azuzuwa da harshen uwa. Manufa ce mai kyau, kuma aikin School for Life ya nuna amfaninta, amma ya kamata iyayen zango su tambaya: harshen uwar wa? Yaron da aka gwada da harshen da bai gama ji ba, harshen aka auna, hankalinsa bai hau sikeli ba tukuna.

Na uku, akwai abin da takarda ba ta aunawa: gaskiya, kunya, tsayar da salla, girmama na gaba, tausayin na baya. Makarantar da ta fitar da gwanin lissafi maras amana ba ta gama aikinta ba.

Rabon Larabci da karatun addini

Shekaru da yawa rabin karatun makarantunmu ba shi da mudu ɗaya. Kowane mai makaranta da littattafan da ya zo da su daga inda ya yi karatu, wannan daga Madina, wancan daga Alƙahira, wancan daga Kano. Yara kuma suka fahimci cewa darasin da ba ya cikin jarrabawar gwamnati ba shi ne abin tsoro ba. An sami ci gaba a nan: NaCCA ta rubuta manhajar Larabci ta ƙaramar sakandare, kuma a 2024 Larabci ya shiga jarrabawar BECE a karo na farko, ga ɗaliban da suka zaɓe shi.

Sauran aikin namu ne. Alƙur'ani da fiƙihu da tauhidi da sira, gwamnati ba za ta tsara mana matakansu ba. Masu makarantun Islamiyya na Tamale da kewayenta, duk da bambancin fahimtar da ke tsakaninsu, suna iya yarda a kan abin da ɗan shekara 10 ya kamata ya haddace, da ƙa'idojin tajwidi da na tsarki da salla da ya kamata ya sani, su riƙa musayar masu jarrabawa. Muna da misali a musabaƙar Alƙur'ani ta Nijeriya, wadda Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ta fara a 1986: daga ƙaramar hukuma zuwa jiha zuwa ƙasa, ƙa'ida ɗaya, alƙalai daga wurare daban-daban.

Abin da kowane gida zai iya yi

Ya ku iyaye, ba sai mun jira wani shiri daga Akara ko Yamai ko Abuja ba. A daren yau uba ya kira ɗansa ɗan aji 3, ya buɗe masa littafinsa a shafin da bai saba da shi ba, ya ce ya karanta da ƙarfi, sannan ya faɗi ma'anar da Hausa. Ko wanda bai taɓa shiga aji ba yana gane mai karatu da mai lalube, kamar yadda yake gane mai tilawa da mai in'ina. Uwa ta ba 'yarta lissafin cefane ta ga ko za ta kawo canji daidai. A duba littafin aikin yaro: yaushe rabon da jan biron malam ya taɓa shi?

Idan an kira taron makaranta mu je, maza da mata, mu yi tambaya cikin ladabi: yara nawa ne a aji 3 suke iya karanta labari su fahimta? Bara nawa ne? Me ake yi wa waɗanda suka makara? Kwana nawa aka yi babu malami a aji? Me makaranta take bukata daga gare mu? Malamin kirki yana farin ciki da irin waɗannan tambayoyi, domin sun nuna masa ba shi kaɗai yake ɗauke da kayan ba. Limamanmu kuma su riƙa sanar da ranar taron a masallaci, kamar yadda suke sanar da ɗaurin aure da suna, kuma ƙungiyoyinmu su tura wakilai masu ilimi su zauna a kwamitocin makarantu.

Magabatan da suka karɓi malaman boko a makarantunsu na Tamale shekara 50 da suka wuce sun yi haka ne don kada 'ya'yan Musulmi su zama 'yan kallo a ƙasarsu. Cika wannan buri yana hannunmu, kuma farkonsa shi ne mu san gaskiyar abin da yaranmu suka iya tun da sauran lokacin gyara. Allah Ya shirya mana zuriya, Ya ba su ilimi mai amfani, Ya saka wa malamansu da alheri, Ya kuma ba mu ikon sauke amanar da Ya ɗora mana. Amin.